Ya Ce a Sayar, Bai Ce a Nawa Ba

Wata rana, ranar Laraba ce a cikin watan Afrilu, wani bawan Allah a Gombe ya zauna gaban kwamfutarsa da ƙarfe biyu da kwata na rana, kamar yadda ya saba.

Sunansa Malam Lurwanu.

Kafin ku ce ɗan caca ne, ku tsaya ku ji ko wane ne.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana koyar da lissafi a makarantar sakandare. Irin malamin nan ne da ko ɗigo ka manta sai ya zagaye wurin da jan biro. Ba ya sayen ko buhun shinkafa sai ya taya a shago uku.

Da ya fara sha'awar cinikin hannun jari, bai faɗa da ka ba. Shekara guda cur yana gwaji da kuɗin wasa. Ya je ya tambayi malamai irin kamfanonin da ya halatta a sa hannu a cikinsu, ya rubuta, ya kiyaye.

Sai da ya ga abin yana ciyar da gidansa fiye da albashi, sannan ya ajiye alli.

Sana'arsa ita ce saye da sayarwa a yini guda. Kasuwar can ƙasar waje tana buɗewa biyu da rabi agogonmu. Ya saya, farashi ya ɗan ɗaga, ya sayar, ya ɗauki ɗan abin da Allah ya ba shi. Ba ya kwana da kaya a hannu.

Kuma mutum ne mai shiri. Ya sa sola saboda ɗauke wuta. Layin intanet biyu gare shi, in ɗaya ya yi nauyi ya koma ɗayan. Duk ƙofar da matsala za ta iya shigowa ta ɓangarensa, ya toshe ta.

Ga abin da yawancinmu ba mu sani ba.

In ka danna "saya" ko "sayar" a manhajar waya ko kwamfuta, odarka ba kasuwa ɗaya take zuwa ba. Wuraren ciniki sun fi goma. Akwai na'urar da ke tsakani, ita take duba ina ya fi araha, ina ya fi masu saye, ta tura odarka can. In wuri ɗaya bai isa ba, ta yanka odar gida-gida ta rarraba.

Duk wannan kafin ka ƙifta ido.

Shekara uku na'urar nan tana yi wa Malam Lurwanu aiki lafiya lau. Wani lokaci ma ya nemi farashi kaza, ta samo masa wanda ya fi. Ba kamasho, ba gardama, ba "dawo gobe".

Har yabonta yake yi a zauren WhatsApp ɗin da yake koyar da masu sha'awar sana'ar. Yakan ce musu: "Wannan dillali ba ya gajiya, ba ya ƙarya, ba ya cin amana."

To, a wannan watan akwai abin da ya matsa masa.

Mai gidan da suke haya ya ba su notis. Ɗan mai gidan zai yi aure, yana son wurin nan da ƙarshen Mayu.

Malam Lurwanu yana da nasa ginin a unguwar Tumfure. Ɗaki uku da falo, an kai linta, an ɗora bulo na sama. Rufi kawai ya rage. Katako da kwano da kuɗin kafinta.

Abin da ya tara na rufin ya kusa isa, amma da saura. Ga damina tana ƙwanƙwasa ƙofa.

Matarsa Murjanatu har ta je kasuwa ta zaɓi kalar kwano. Ruwan toka take so, ta ce ja ya yi yawa a unguwar.

A ranar Larabar nan ya ga wani ƙaramin kamfanin magunguna yana tashi tun kafin a buɗe kasuwa. Ya yi kwana huɗu yana bibiyarsa. Duk alamun da yake nema sun cika.

Ya yi lissafi a takarda. In ya shiga da jarinsa na kullum, ribar ba za ta kai ko kuɗin ƙusa ba. In ya haɗa da kuɗin rufin, farashi ya ɗaga ko da kaɗan ne, ya gama. Asabar kafinta ya hau sama.

Ya daɗe yana kallon takardar.

Abin da ya kwantar masa da hankali shi ne shingen da yake sawa kullum. Wato umarnin da kake bai wa na'ura tun farko: in farashi ya faɗo ya taɓa wuri kaza, ki sayar min da komai, kada asara ta yi nisa.

Ya saya a dala biyar. Hannun jari dubu biyu. Ya kafa shingensa ƙasa kaɗan, yadda ko abin ya ɓaci, abin da zai rasa bai wuce kuɗin fenti ba.

Ya ce Bismillah.

Minti ashirin na farko, komai kore a allo, alamar riba. Farashi yana hawa a hankali, kamar mai hawa bene da kaya a kai.

Murjanatu ta leƙo da kofin zoɓo mai sanyi.

"Malam, mai kwano ya kira. Wai in muna so ya ajiye mana ruwan tokan, mu faɗa masa yau."

Bai ɗauke ido daga allon ba. Ya yi murmushi.

"Ce masa ya ajiye."

Ta fita tana jin daɗi.

Uku saura minti biyar, wani labari ya fito game da maganin da kamfanin ke gwadawa. Malam Lurwanu bai ma gama karanta layin farko ba.

Allo ya koma ja.

Farashi ya faɗo ya taɓa shinge. Ya ji 'yar ƙarar nan da manhajar ke yi in oda ta tashi.

Ya sauke numfashi. Ya ce a ransa, to, yau ba rabo, Allah ya sa iyakarta ke nan.

Sai ya duba ƙasan allon.

An sayar da ɗari uku. Saura dubu ɗaya da ɗari bakwai.

A gefe an rubuta: ana kan aiki.

Na'urar ta kai kayansa wuri na farko, masu saye a can ɗari uku kawai suka ɗauka. Ta kwashi sauran ta nufi wuri na biyu. Kafin ta isa, masu sayen can sun janye hannu. Su ma na'urori ne, kuma sun fi tasa sauri.

Ta nufi na uku. An ɗauki ɗari da hamsin, a farashin da ya yi ƙasa da shingensa sosai.

Dala huɗu da rabi.

Huɗu da kwata.

Ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba.

Ya ce gara ya soke odar ya riƙe kayansa, in ƙura ta lafa ya san abin yi. Ya danna "soke".

Aka rubuta: ana jiran amsa.

Ya sake dannawa. Ana jiran amsa.

Ya gwada sa sabuwar oda da farashin da yake so. Manhajar ta ce ba shi da hannun jarin da zai sayar, duk suna cikin odar farko.

Kayansa ne. Da kuɗinsa ya saya. Ga su yana kallo. Amma ba ya iya sayarwa, ba ya iya hanawa.

Ya canja layin intanet. Lafiya lau. Ya ɗauko waya ya buɗe manhajar a can. Magana ɗaya ce.

Sai lambobin suka tsaya cak.

Kasuwar ta dakatar da cinikin wannan kamfani na ɗan lokaci, kamar yadda ake yi in farashi ya rikice.

Jama'a, akwai shirun da ya fi ihu ciwo.

Fanka tana juyawa. A waje mai rake yana tallarsa. Zoɓon yana nan, ƙanƙarar ta narke, ruwa ya jiƙa takardar lissafin.

Shi kuwa yana tsaye, hannu a kan tebur, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Kalmomi uku yake kallo. Ana jiran amsa.

Ya lalubo lambar kamfanin manhajar ya kira. Wata murya da aka naɗa ta ce duk ma'aikata suna tare da wasu, ya yi haƙuri, shi ne na sittin da biyu a layi. Aka sa masa kiɗa.

Yana riƙe da wayar a kunne aka sake buɗe cinikin.

Ba a buɗe a huɗu ba.

Ba a buɗe a uku ba.

Dala biyu da 'yan kai.

Ƙarar nan ta sake tashi, sau uku a jere. An sayar. An sayar. An sayar.

Duka.

Bayan daƙiƙa biyu wani saƙo ya shigo: ba a iya soke odarka ba, domin an riga an kammala ta.

Ya zauna a ƙasa. Ba a kujera ba, a ƙasa.

Abin da ya ƙarasa shi kuwa, kafin a kira La'asar farashin ya sake tashi ya haura dala uku da rabi. Wani can da bai sani ba ya saye kayansa a ƙasan rami, ya sayar a sama, ya tafi shan shayi.

Kiɗan wayar ya katse bayan minti arba'in. Wata mata mai sanyin murya ta gaishe shi da Turanci, ta nemi lambar asusunsa.

Ya zayyana mata komai. Lambobin daidai ya kawo su, malamin lissafi ne.

Ta duba asusun. Sannan ta ce:

"Yallaɓai, na duba. Tsarin bai yi kuskure ba."

"Bai yi kuskure ba? Na kafa shinge kusa da biyar, an sayar min a biyu!"

"Ka ce in farashi ya kai nan a sayar. Ba ka ce a nawa ba."





Ya ce: "To da na faɗi a nawa fa? Da na sa iyaka?"

"Da wataƙila ba a sayar da ko ɗaya ba, Yallaɓai. Farashin ya tsallake ka ya wuce, kana riƙe da kaya yana ta faɗuwa."

"Sokewar da na yi fa?"

"Saƙonka daga wurinmu yake zuwa wurin abokan hulɗarmu na waje, daga can ya je wurin na'urar, daga can ya je kasuwar da odar take. A lokacin dubban mutane suna sokewa tare. Ya bi layi."

"Wa ya saya?"

"Ba mu da wannan bayanin."

Ta tambaye shi ko akwai wani abu da za ta taimaka masa da shi. Ta yi masa fatan yini lafiya.

Ya yi sallar La'asar a ɗakin, bai iya fita masallaci ba. Har yau ya ce bai san surar da ya karanta ba.

Da ya fito tsakar gida, Murjanatu tana tsince shinkafa. Kallo ɗaya ta yi masa ta ajiye farantin.

"Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu."

"To mene ne?"

"Ki kira mai kwano. Ki ce ya sayar wa wani."

Ba ta yi ihu ba. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, domin ba ta taɓa faɗa ba, ta yarda da shi ɗari bisa ɗari. Innalillahi kawai ta ce, ta ɗauki farantin ta ci gaba da tsintar shinkafar da ta riga ta tsince.

Wannan ya fi masa zafi a kan zagi.

Washegari ya tafi wurin wansa, Yaya Sabi'u.

Yaya Sabi'u dillalin shanu ne, shekara talatin a kara, kasuwar dabbobi. Mutum ne da in ciniki ya rikice tsakanin Bafulatani da mahauci, shi ake kira. Bai yi boko ba, amma ba a taɓa cin kuɗin wani a gabansa an kwana lafiya ba.

Ya saurari ƙanensa har ƙarshe. Ya tashi ya ɗauki hularsa.

"Tashi mu je."

"Ina, Yaya?"

"Wurin dillalin naka. In a Legas yake, mu hau mota. Ai ba a yin haka. An ba ka bijimin sa ka sayar, ka ga kasuwa ta karye, sai ka yanka shi ka rarraba a kan kuɗin akuya? Ba sai ka riƙe igiya ka aika a tambayi mai shi ba? Mu je, a zauna da manyansu."

"Yaya, babu mutum."

"Kamar yaya babu mutum?"

"Na'ura ce."

"To mai na'urar."

"Waɗanda na sani ba tasu ba ce. Su ma haya suke yi a wurin wasu a waje. Waɗancan ma turawa suke yi gaba."

"Wanda ya saya fa? A roƙe shi ya duba Allah."

"Shi ma wataƙila na'ura ce."

Yaya Sabi'u ya tsaya da hula a hannu. Mutumin da bai taɓa rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

A hankali ya koma ya zauna.

"Yau na ga kasuwar da ba ta da sarkin kasuwa," in ji shi.

Malam Lurwanu bai haƙura nan take ba. Ya rubuta ƙorafi. Bayan kwana tara aka turo masa rahoto shafi goma sha huɗu. An jera kowane motsi na odarsa, wuri kaza a lokaci kaza, har da ɓangaren daƙiƙar da ɗan Adam ba ya iya ji.

Ya zauna da jan bironsa ya bi layi-layi, yana neman kuskure ɗaya tak.

Bai samu ba.

Ya kai wa wani abokinsa lauya. Lauyan ya buɗe yarjejeniyar da kowa ke danna "na amince" bai karanta ba, ya gangara can ciki, ya juyo masa da wayar.

A rubuce yake ƙarara. Ba a yi alkawarin farashi ba. Ba a yi alkawarin sokewa za ta isa a kan lokaci ba. In kasuwa ta rikice, abin da aka samu shi ne naka.

"Malam, ko sisi ba zan karɓa a hannunka ba," in ji lauyan. "Babu shari'a a nan."

A zauren WhatsApp kuwa, ɗalibansa suna ta tambayar ina Malam ya shiga. Kwana goma sha biyu bai ce uffan ba.

Daga baya ya rubuta musu komai, bai rage ba. Har da haɗa kuɗin rufi da ya yi, wanda shi da bakinsa ya sha hana su.

Wasu suka yi masa jaje. Wasu suka fice shiru. Wani ya ce ai da ma bai iya ba ne.

Wata malamar firamare da ke shirin shiga da kuɗin sallamarta ta tambaye shi: "To Malam, wane irin shinge ne ba ya tsallakuwa?"

Ya rubuta amsa ya goge. Ya sake rubutawa ya goge.

A ƙarshe ya ce mata: "Hajiya, ban san shi ba."

Ƙarshen Mayu ya zo, kamar yadda ƙarshen wata ke zuwa ko ka shirya ko ba ka shirya ba.

Yaya Sabi'u ya kwashe buhunan dusa daga ɗakuna biyu na bayan gidansa, ya sa aka share, aka yi farar ƙasa. Nan Malam Lurwanu da iyalinsa za su zauna har Allah ya kawo mafita.

Ranar tashi, an gama loda kaya a akori-kura, hadari ya haɗo ta gabas. Direba yana ta ɗaure tamfol da sauri.

Murjanatu ta tsaya a bakin ƙofar gidan da suka yi shekara tara a ciki, tana riƙe da makullin da za a mayar wa mai shi.

Malam Lurwanu ya matso kusa da ita. Tun ranar Larabar nan bai iya haɗa ido da ita sosai ba.

"Murja, ki yafe min."

"Na yafe maka tun ranar, Malam. Kai ka yi kuskure, ka kuma faɗa da bakinka. Wannan mai sauƙi ne."

Ta juya makullin a hannunta.

"Abin da ke ci min rai daban ne. Da ɓarawo ne ya haura mana, da na san fuskar da zan tsana. Da ɗan damfara ne, da na san sunan da zan kai ƙara wurin Ubangiji. Jiya na ɗaga hannu a sallah zan yi Allah ya isa…"

Ta ɗago ta dube shi.

"Wallahi Malam, ban san wa zan yi wa ba."



Direba ya danna ham. Suka hau, ruwa ya fara sauka.

Darasi:

Na'ura tana yi maka aiki da kyau ranar da kasuwa take lafiya, kuma ranakun lafiya sun fi yawa, shi ya sa muke sakankancewa. Ranar da kowa ke gudu, ba ta san ka ba, ba ta san me ka sayar ka tara kuɗin ba. Abin da ka ce shi za ta yi, ba abin da kake nufi ba.

Kafin ka danna "na amince", ka tambayi kanka: in abin ya ɓaci, ƙofar wa zan ƙwanƙwasa? In ba ka da amsa, kada ka sa abin da in ya tafi iyalinka za su rasa inuwa.

Kuɗin rufi na rufi ne. Kuɗin makaranta na makaranta ne. Komai kyan alama, komai gwanintarka.

Allah ya mayar wa Malam Lurwanu da mafi alheri, ya tsare mu da asarar da ba ta da mai ita.

In kana da ɗan'uwa ko aboki da ke wannan sana'a ta waya, kada ka karanta ka wuce. Tura masa yanzu, kafin a buɗe kasuwar gobe.